Jan Zaren Oom Sarel

"Baba, na rantse maka, ba zan kwance zare ko ɗaya ba. Yadda ka ɗaura shi, haka kwalba za ta je hannun mai saye."

Maganar ɗanka Elroy ke nan, Oom Sarel, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a ɗakin asibiti, yana riƙe da hannunka. Mu uku muka ji: kai, matarka Antie Mieta, da ni Lorraine Jantjies, ina tsaye bakin taga da kwanon miyar da ka kasa sha. Kwana biyu bayan haka, ranar Talata tara ga Yuli, da hantsi, ana ruwa, mazan gona suna can suna datse rassan inabi, Allah ya karɓi abinsa. Sarel Arendse, da muke kira Oom, wato kawu, wanda ya kula da rumbun giyar inabi na gonar kwarinmu shekara arba'in da ɗaya, ya rasu yana da shekara saba'in da takwas. Ranar da wannan mujallar coci za ta fito, ka cika kwana arba'in da rasuwa.

Fasto ya ce in rubuta layi goma masu sanyaya zuciya. Ya yi haƙuri. Zan fara da kai, Oom, domin kai ka cancanci farko. Bari Elroy ya jira.

Lokacin da ka fara aiki, ana biyan ma'aikatan gona wani ɓangare na ladansu da giya: gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya in an tashi. Wannan gwangwanin ne ya ci mahaifina tun ina aji biyu. Kai kuwa ka cire hula ka tsaya gaban mai gonar, ka ce, "Maigida, gwangwanin nan ba na so. In dole sai da giya za a biya ni, a ba ni a kwalba, a toshe, sau ɗaya a shekara." Abokan aikinka suka kwashe da dariya, suka ce Sarel sai ya je Aljanna zai buɗe tasa. Mai gonar ma dariya ya yi, amma ya yarda: kwalba goma sha biyu duk bayan girbi. Ka haƙa ɗaki a jikin tudun bayan gidanka, ka kwantar da su a duhu da sanyi. Aikinka ɗanɗana giya ne, amma ban taɓa ganin ka haɗiye ba. Ka kurkure baki, ka tofar, ka faɗi abin da ke cikinta.

Kowane watan Janairu kwalba ɗaya takan bar ɗakin nan, a makon kuma sai in ga sababbin littattafai da takalmin makaranta a kan gadona. Ba ka taɓa cewa komai ba. In mun haɗu a hanya sai dai ka ce wa uwata, "Yarinyar nan taki tana cin takarda kamar gara, ki ɓoye Littafi Mai Tsarki." Sai da na kai shekara ashirin Antie Mieta ta faɗa mini inda littattafan suke fitowa. Yau ni ke riƙe da ɗakin karatu na garinmu.

Mutane suna tuna ka da yawan kwalabe. Ni da yadda kake sa musu kuɗi nake tuna ka. Kakan kunna kyandir ko da rana tsaka, ka ɗaga kwalba tsakaninka da harshen wutar, ka duba inda giyar ta tsaya a wuya. Ka shinshina matoshin. Sannan ka gaya wa mai saye inda ta kwana tun ranar da aka toshe ta. Bayan nan kaɗai kake buɗe baki da farashi.

Ina nan ranar da wani likita daga Johannesburg ya zo neman kwalbar shekarar aurensa. Bai ko zauna ba ya ce, "Oom, rand dubu takwas, ba ciniki."

Ka ɗaga ta ga kyandir. "Likita, matso ka gani. Giyar ta sauka ƙasa da kafaɗar kwalba, iska ta shige ta. Dubu uku."

"Haba Oom, ni fa na ce zan biya!"

"Ni kuma na ce ba ta kai ba. Kai kana yi wa mai mura tiyata don ka ga aljihunsa da nauyi?"

Kada wani ya ɗauka sakarci ne. A wannan shekarar wani dillali ya zo da murmushi, ya ce tsofaffin kwalaben nan sun cika maka ɗaki, bari ya rage maka su a dunƙule. Ka ce, "Ɗana, tsufa na yi, ban haukace ba." Ka lissafa masa abin da kowace shekara take kaiwa a birni, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ba ka cuci kowa ba, ba ka bari an cuce ka ba. Na karanta littattafai masu kauri a kan adalci, ban ga wanda ya fayyace shi kamar kyandir ɗinka ba.

Sai shekarar da wuta ta sauko daga dutse. Gidanku ya tsira, amma ciyawar tudun ta ƙone ƙurmus, bangon baya na ɗakin giya ya kwana biyu da zafi kamar tanda. A jikin bangon nan kwalaben shekaru biyar na farko suke kwance, mafi tsufa, mafi tsada. A ido ba abin da ya same su. Ka buɗe ɗaya, ka shinshina, ka miƙo mini. Warin dafaffen zabibi. Sannan ka ce Antie Mieta ta kawo jan zaren saƙarta. Ni na riƙe kyandir, ni na riƙa yanka zaren, kai kana ɗaurawa a wuyan kowace kwalba.

Elroy yana bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, wa zai sani? Masu sayen irin waɗannan ba buɗewa suke ba, ajiyewa suke yi."

Ka ce, "Wata rana ɗansu zai buɗe, ranar aurensa ko ranar binne uban. Sunana zai gani kafin ya ji warin."

Daga ranar, duk wanda ya so mai jan zare don ya ɗora a kan kabad, ka gaya masa ta mutu, ka sayar masa a farashin giyar kanti. Talatin da takwas suka rage.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka yanke shawarar a kai duka kwalabenka gwanjo a Cape Town, don Antie Mieta ta gyara rufin gida ta zauna ba tare da roƙon kowa ba. Abu ɗaya ka nema, shi ne alkawarin da na fara da shi.

Ranar Laraba da ta wuce, Antie Mieta ta shigo ɗakin karatu. Shekara hamsin tana garin nan ba ta taɓa tako ƙofar ba. Ta ajiye Littafi Mai Tsarkinta a kan teburina, ta buɗe. Jajayen zaruruwa ne, an datse su da almakashi. A aljihun baƙar kwat ɗin da Elroy ya sa ranar jana'izarka ta same su, da za ta kai wanki. Ta ce, "Lorraine, 'yata, ni ban iya magana ba. Ke aka sa a makaranta." A ƙarƙashinsu akwai takardar gwanjon. Ga hotunan kwalaben bango, wuyansu tsirara. Ga abin da aka rubuta bisa bayanin magajinka: daga rumbun marigayi Sarel Arendse, wanda kowa ya san amanarsa, ba su taɓa ganin zafi ba.

Ka ji, Oom? Ba giya ya kai kasuwa ba, giyar ta mutu tun shekarar wuta. Sunanka ya kai. Ba wanda zai ɗaga su ga kyandir ya yi tambaya, domin an ce naka ne.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya Lorraine, da girmanki. Ke ba 'yar gidan nan ba ce, ki tsaya a littattafanki." Gaskiya ne, Elroy, ba jininsa ba ce ni. Amma da kwalabensa aka saya mini karatun da na karanta ƙaryarka da shi. Na san an rufe masana'antar da kake aiki. Na san rufin yana yoyo a kan gadon uwarka, ni na kai mata bokiti. Kwalabe sama da ɗari uku masu lafiya suna cikin gwanjon nan, sun ishi rufi har da saura. Ba yunwa ce ta ba ka almakashi ba.

Oom Sarel, Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurin da ba a biyan kowa da gwangwani. Ya saka maka da alherin da ka yi a ɓoye. Ina miƙa ta'aziyyata ga Antie Mieta, Allah ya riƙe ta a ɗakin da ya yi mata faɗi. Ga 'yarka Bernadine da jikokinka, da tsofaffin abokan aikinka da suka ɗauki akwatinka cikin ruwan sama. Har da kai, Elroy, domin kai ma ka rasa uba, na kuma ga yadda ka yi kuka. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Gwanjo ranar Asabar ne, ashirin da huɗu ga Agusta. Elroy, na ba ka zuwa Juma'a, ƙarfe goma sha biyu na rana. Ka kira masu gwanjon, ko ka janye talatin da takwas ɗin nan, ko ka gaya musu abin da wuta ta yi. In ka yi, zan kawo maka zaren da hannuna, in riƙe maka kyandir, ba kuma zan sake tada maganar ba. In ba ka yi ba, ranar Asabar zan rufe ɗakin karatu, in shiga jirgin ƙasa na safe, in zauna a layin gaba kusa da uwarka, domin ta ce za ta zo. Ba zan yi ihu ba. Duk kwalbar bango da aka ɗaga, zan miƙe tsaye in ɗaga jan zarenta, in faɗi inda ta kwana.