Kyamarar da ta yi shari'a batirinta a mace

Jama'a, yau kyamarata ta ceci akuya!

Kun san 'yar ƙaramar nan mai tsada da na sayo a Dubai. Daga Alkahira har Istanbul ban ga mai fitar da hoto tar kamarta ba, amma batirinta rago ne.

Da hantsi na tarar Alhaji Ado, maƙwabcina, ya tsare Inna Talatu gaban mai unguwa. Wai akuyarta ta cinye masa wake, dole sai ta sayar da ita ta biya shi. Ita ke nan gare ta!

Ni kuwa jiya na ɗauki hoton kukar bakin gonarsa. Da na ƙara girman hoton, ga ragon Alhaji tsakiyar waken, shi kuma yana korarsa!

Na ce, "Ina da shaida."

Na danna kyamarar. Ɗif! Batiri ya mutu.

Sai na rungume ta a ƙirji, na ce, "Alhaji, in nuna wa jama'a, ko ka faɗa da bakinka?"

Ya share gumi. "Ragona ne. Inna, yi haƙuri."

Mai unguwa ya miƙo hannu. "Baba, mu gani mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ake caji a nan?"