Keken Baba Tela a Cikin Gilashi

Baba Tela ya fara ɗinka wa unguwarsu kayan makaranta tun iyayen yaran yanzu suna yawo ba wando. Shagonsa ɗan mitsitsi ne, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Rufin gidansa da karatun 'ya'yansa duk daga ƙarƙashin allurar baƙin keken nan suka fito, wanda ya gada wurin kawunsa. Mutum ne mai mantuwa, sai ya birkita shago yana neman abin awo alhali yana rataye a wuyansa. Amma ɗiga wa keke mai, wannan kam bai taɓa mantawa ba. Kawun ya sha faɗa masa cewa keken da ba a juyawa mutuwa yake yi.

Da ido ya fara yi masa gardama, babbar 'yarsa ta sa aka rufe shagon. Ita ta kawo mutanen jami'a, suka zagaye keken suna jinjina kai, suka ce irinsa ya yi wuya, za su kai shi ɗakin kayan tarihi. Baba ya yi murna, don a zatonsa ɗalibai za su koyi ɗinki a kansa.

Da damina ta sauka hankalinsa ya tashi. Yaran zamani sun san danshi na sa ƙarfe tsatsa kuwa? Ya sa kwalbar mai da tsumma a aljihu, ya kama hanya.

Ɗakin sanyi ƙalau, shiru kamar asibiti. Ga tukwane masu tsaga, ga tsofaffin littattafai, ga dutsen guga na gawayi, kowanne a cikin gilashi. Can ya hango nasa, shi ma a kulle. Wata ɗaliba tana karanta wa ƙawarta rubutun da ke jikinsa: irin keken da telolin zamanin da suke aiki da shi.

"Telolin zamanin da?" in ji Baba. "Ai ga ni nan tsaye."

Suka yi dariya suka wuce. Ya zaro kwalbarsa yana laluben inda ake buɗe gilashin, sai ga mai kula da ɗakin da sauri.

"Baba, don Allah ba a taɓawa."

"Nawa ne fa, 'yata. Mai zan sa masa."

"Mun sa masa, Baba. Gumin hannu ne ke cin ƙarfe, shi ya sa muka rufe."

Baba ya dubi tafin hannunsa. Shekara da shekaru hannun nan yana kan keken, ashe cinsa yake yi?

"To wa ke ɗinki da shi?"

"Ba kowa."

"To me aka ajiye shi ya yi?"

"Don jikokinka su gani."

"Jikokina sun gan shi, har allura sun karya masa."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ba shi farar safar hannu, ta buɗe gilashin. Baba ya yi bisimilla ya juya keken. Keken ya tafi sumul, ba ƙara ba cijewa, ko a shago bai taɓa yin laushi haka ba. Kamata ya yi ya ji daɗi, amma bai ji ba.

Ya tsinko zare daga bakin aljihunsa, ya lasa, ya nufi kafar allura. Zaren ya wuce ta gefe. Ya ɗora laifin a kan safar, sannan a kan fitilar ɗakin.

"Baba, in zura maka?"

"Bar shi, 'yata. Rufe abinku."

A gida 'yarsa ta ga kwalbar a cike yadda ta fita.

"Baba, yaya keken? Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce yana cire takalmi. "Ko nemana bai yi ba."