Fuskar Inna Da Bature Bai Rufe Ba

Ranka ya daɗe Edita, na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai, ina cewa wasu dai ba su da wayo. To yau ga nawa. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake a garinmu ba sai na faɗa ba.

Ni mutumin Gummi ne, ɗan manoman shinkafa a fadama. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, Inna ce ta riƙe mu da sana'ar shinkafa: ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta zauna da mudunta a kasuwa. Masu sari daga Bukkuyum har Anka sun san rumfarta, don ba ta barin tsakuwa kuma ba ta tauye mudu. Ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a, can wani gari mai duwatsu da sanyi a tsakiyar ƙasar nan, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Gani nake babu wanda ya kai ni iya zama da mutane, in samu abin da nake so in zame. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, Turanci. Malamin da ke duba aikina na shekarar ƙarshe sau uku yana dawo mini da babin farko, jan biro ya fi rubutuna yawa.

A bayan ƙofar jami'ar akwai wani Bature da matarsa, dogo mai sanƙo, ya baro ƙasarsu ya zo yin aikin mishan a tsakanin ɗalibai. Bai taɓa ɓoye aikinsa ba, wannan kam zan ba shi gaskiyarsa ko da raina bai so. Kowace Asabar da yamma ƙofarsa a buɗe take, ga shayi, ga kwamfuta, ga shi zaune yana gyara wa mutane Turanci kyauta, in an gama ya buɗe Linjila ya karanta 'yan layuka. Yana gwada Hausa, amma duk sanda ya gaishe ni sai na danne dariya. Na je ne da niyyar sau ɗaya. Cikin awa guda ya mayar da babina abin da ni kaina ban gane shi ba don kyau. Sai na lura da wani abu: ɗalibin da ya sha shayi ya fita, minti goma yake samu, wanda kuwa ya tsaya yana tambaya a kan karatun, sai Bature ya ware masa yini guda. Nan wayona ya motsa.

Na shiga ƙirƙiro tambayoyin da ba su dame ni ba. In ya amsa in sunkuyar da kai kamar mai nazari, alhali lissafin babi na uku nake yi. Daga gidansa masallaci nake wucewa in yi Magariba, ko gezau ban ji a zuciyata ba. Wata rana da na ga wasu ɗalibai sun fara cinye mini lokaci, sai na ƙara gishiri. Na ce masa zuciyata ta fara sauyawa, amma ina tsoron danginmu su sani. Wallahi ƙarya ce tsagwaronta. Idanunsa suka ciko da ƙwalla, ya riƙe hannuna, ni kuwa ina cewa a raina na kama wawa. A ranar ne na nuna masa hoton da muka ɗauka da Inna lokacin yankan shinkafa, tana dariya da dami a ka, na ce masa ciwon ƙafa na damunta. Ya roƙi in tura masa don ya riƙa yi mata addu'a. Na tura, ban ko yi tunani ba.

Abin da ban sani ba shi ne yadda irinsu suke aiki. Ba albashi ake biyansu ba, majami'un ƙasarsu ne ke ɗaukar nauyinsu, su kuma duk bayan 'yan watanni sai sun rubuta wasiƙa gida suna ba da labarin abin da aikin ya haifar. Ni ne na zama labarin wannan karon. Ya sauya mini suna, ya shafe fuskata a hoton har ba a gane ni, ya rubuta cewa wani saurayi daga bakin gulbin Zamfara ya kusa karɓar addininsu a ɓoye, a taya shi addu'a shi da mahaifiyarsa. Amma fuskar Inna ya bar ta fes. A ganinsa tsohuwar ƙauye ce da dami a ka, irin wadda ba wanda zai tsaya ya duba. Bai san cewa a Gummi ni ne ba kowa ba, Inna kuwa ko yaron goye ya san ta. Majami'arsu ta ɗora wasiƙar a shafinta na intanet.

Wani ɗalibi ɗan Anka, wanda dama ya sa wa gidan Baturen ido, shi ya tono ta. Bai zo ya tambaye ni ba, ko da yake layi ɗaya muke bi a masallaci. Ya fassara ta da Hausa, ya ƙara nasa, ya watsa a wayoyin 'yan yankinmu. Har yau ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Labarin ya riga ni isa gida da mako guda. Da na sauka a tasha, ɗan kabu-kabun da muka yi makarantar allo tare ya dube ni ya ce babur ɗinsa ba mai, ina tsaye ya ɗauki wani ya wuce. A zaure Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya amsa sallamata da ƙyar, bai miƙo mini hannu ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ƙanwata ce ta gaya mini cewa mata sun riƙa zuwa rumfarta suna kara mata waya a fuska, suna tambayarta ko ita ma an yi mata wankan shiga addinin Baturen ne, har ta tattara mudunta ta daina fita kasuwa. Matar da ko hoton katin zaɓe sai da aka lallashe ta, ga fuskarta a gaban mutanen wata duniya suna roƙon ta bar addininta. Da aka kawo tuwo sai na ga nawa a wani kwano dabam, an ɗiga masa jan fenti a gindi irin yadda mata ke yi wa kwanukan biki don kada su haɗu da na wasu. Ƙannena suka ci tare, ni na ci ni kaɗai a ƙofar ɗaki. Abin da kawai Inna ta ce mini shi ne in gaya mata mi ta rage ni da shi.

Na kira Baturen a waya, na zazzage masa duk abin da ke bakina, da Hausa da guntun Turancin da shi ya gyara mini. Na ce masa ya sayar da uwata don a ci gaba da aiko masa da abinci. Ya yi kuka, ya ce a ranar zai sa a cire wasiƙar, ya ce ya ɗauka rufe fuskata ya isa, har ya nemi ya zo ya ba Inna haƙuri. Na ce masa in ya kuskura ya tako Gummi daga ni har shi ba mai kwana lafiya. Sai ya ce, a hankali, shi bai rubuta komai ba sai abin da na gaya masa da bakina, ya tambaye ni ko ba gaskiya ba ne. Na kashe wayar. Na tsane shi a lokacin, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Na zauna gaban Baffa na faɗi gaskiya duka, cewa ban taɓa barin salla ba, yaudarar mutumin na yi don ya gyara mini takarda. Na ɗauka wannan zai wanke ni. Baffa ya ce wanda ya iya yi wa Bature ƙarya da addininsa saboda Turanci, ta yaya za su san ba su yake yi wa ƙarya yanzu ba. Ya kai maganar wurin limamin unguwa. Liman ya ce addini ba abin wasa ba ne, abin da harshe ya furta ya furta, sai in sake kalmar shahada a gaban jama'a bayan La'asar. Na ƙi. Na san ma'anar hakan: duk wanda ya gan ni ina maimaitawa zai tabbata na fita ne na dawo. Kwana biyar ina gardama, kwana biyar Inna ba ta cin abin kirki, tana zaune a kan buhunan shinkafar da ta kasa kaiwa kasuwa. Na durƙusa na rantse mata ban taɓa fita ba, ta kau da kai ta ce in dai ni ɗanta ne in je in yi abin da liman ya ce.

Na je. Masallacin ya cika har waje, da waɗanda ban taɓa gani a sahun La'asar ba. Liman ya faɗa ina maimaitawa, kalmar da aka raɗa mini a kunne ranar da aka haife ni, kalmar da ban taɓa saki ba ko na yini ɗaya. Aka yi kabbara, masu tofar da yawu jiya suka zo suna ba ni hannu. Da na shiga gida Inna ta rungume ni tana kuka, tana gode wa Allah da ya dawo mata da ɗanta. Ta ɗauki kwanon nan mai jan fenti ta jefa bayan rumbu, ta zuba mana tuwo tare da ƙannena. Na bar ta a kan haka, don farin cikinta ya fi ƙarfin gaskiyata.

Baturen na ji ya koma ƙasarsu, ban nemi sanin dalili ba. Har yanzu ina jin haushinsa, don wanda ya zo aiki cikin mutane ya kamata ya san babu tsohuwar da ba ta da suna a garinsu. Ina jin haushin ɗan Anka da duk wanda ya tura hoton gaba. Amma in na gama zagaye sai in dawo kaina, don ni na buɗe baki, ni na tura hoton. Ɗalibai 'yan'uwana, in za ku karɓi taimako ku karɓa da fuskarku ta gaskiya, in ba za a ba ku a haka ba ku bar shi. Kada ku yi wasa da addininku don wata takarda, kuma kada ku ba kowa hoton iyayenku, komai kirkinsa.

Na samu digirin, yana cikin akwati. A Gummi har yau in na wuce wasu na ce mini tubabbe. Inna ta rasu damina biyu bayan haka, kuma har ta koma ga Allah, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin ɗanta da ya ɓata Allah ya shiryo shi. Ina zaune a gefen tabarmarta nake jin wannan labari, in ce amin.