Gafaru mai shayi da gidan Auta

Kafin lauyoyi su iso, Gafaru ya riga ya buɗe ofishinsu da ke unguwar Al Mirqab a Doha, babban birnin Qatar. Ya goge tebura, ya ɗora ruwan zafi, ya jera kofuna. In an aike shi kotu da takardu, ya je ya dawo. Aikinsa ke nan tun gashinsa yana baƙi. Mutumin Zangon Kumasi ne, a ƙasar Ghana. Bai karanta shari'a ba, bai kuma taɓa cewa ya karanta ba. Amma ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, direbobi da masu gadi sukan tare shi, kowa da damuwarsa. Shi kuwa ya ce, "Ni shayi nake dafawa. Amma faɗi, mu ga ƙofar da za ka buga."

Yanzu ƙafa ta gaji, zai koma gida. Ba na yabon mutum sai na gani da idona. Wannan na gani.

Auta direban bas ne a Al Wukair, kusa da Doha. Iyalinsa na zaune a gidan haya na ƙaramar hukuma, can garinsu a arewacin Najeriya. Mahaifin Auta ne ya fara kama gidan, da ya rasu Auta ya ci gaba da biya. Shekarar korona hukumar ta ce za ta sayar da gidajen, kuma wanda ke ciki shi ke da haƙƙin saye. Jirage a tsaye, Auta ba hanyar zuwa. Ma'aikata suka zo suka tambayi matarsa Haulat sunan mai gida. Ta sunkuyar da kai, don ba ta kama sunan miji. Ta aika aka kira wan mijin, Masahudu, ya yi magana a madadinta. Ya zo, ya ba da nasa sunan.

Masahudu yana da gidansa. Duk da haka, da batun sayarwa ya taso sosai, ya ce Haulat da yara su nemi wurin zama. Auta ya tura dattawa, ba a dace ba. Ya haƙura yana ramewa, don ƙani ba ya kai ƙarar wansa. Sai bayan Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar kofin duniya ya tari Gafaru a bakin masallaci.

"Baba Gafaru, ka haɗa ni da lauyan ofishinku."

"Lauyan Doha ya ƙwato maka gida a Najeriya? Kai ma kamar 'yan ƙwallonku, ba ka san inda raga take ba."

"Baba, ba wasa nake ba. Kuma wana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Yaran naka fa, na maƙwabta ne? Yalla, maza ba ni labarin daga farko."

Gafaru bai ce wane ne da gaskiya ba. Cigiya ya shiga yi, daga wannan masauki zuwa wancan, har wani mai gadi a unguwar Al Aziziya ya ba shi lambar ofishin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi a jiharsu Auta. Nan aka samu Barista Fausiya. Ta ce ba sai an je kotu ba, akwai kwamitin sauraron koke, amma dole a bayyana kafin a rufe ciniki. Kamfani ya hana Auta hutu, don an fara gasar kofin duniya a Qatar, motocin bas na jigilar 'yan kallo. Sai dai ya naɗa wakili. Ya kawo sunan abokinsa. Gafaru ya ce, "Ƙanena, wa ke kwana a gidan nan? Abokinka?"

Ita ma Barista ta ce Haulat ce ta dace da wakilcin. Gafaru ya bi takardar wakilci ofis-ofis har aka buga mata hatimi, ga tituna a rufe saboda wasa, shi kuma yana jan ƙafa a lokacin hutunsa na rana.

Ranar zama Haulat ta tsaya gaban kwamiti, Masahudu na zaune yana kallonta. Aka tambaye ta wa ke riƙe da gidan. Ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Mijina, Sayibu Yusif." Sunan Auta na yanka ke nan. Maƙwabta suka shaida. Aka sayar wa Auta.

Tun ranar Masahudu bai ɗauki wayar ƙaninsa ba. Gafaru ya ce wa Auta, "Ka ci gaba da kira duk Juma'a. Gida ka nema, ba rabuwa ba."

Gafaru, kai ne ba ka taɓa cika wa mutum baki ba, ba ka kuma taɓa sallamar mutum bai san inda zai nufa ba. Ko kofin shayi ba ka karɓa a hannun Auta ba. Mun gode. Allah Ya kai ka Kumasi lafiya, Ya ba ƙafar sauƙi.

Ku da kuka rage a nan, ba wanda ya ce ku zama lauyoyi. In ɗan'uwa ya zo da damuwa, ku saurara, ku tambaya masa, ku raka shi. Abin da Gafaru ya yi ke nan, kuma yau yaran Auta a ɗakin ubansu suke kwana.