Ranar da Shafina Ya Yanke Kawu

Akwai wata ranar Lahadi a Gyadi-Gyadi da ba na jin za ta taɓa fita daga raina muddin ina numfashi. Lokacin bai fi shekara uku da komawar soja bariki ba, gari ya cika da ƙungiyoyi, kowane ƙauye na son a san da zamansa. Ni kuwa na gama difloma a kan kwamfuta ke nan, kaina na hayaƙi, gani nake duk Tarauni babu na biyuna.

Mutanen garinmu mazauna Kano muna da ƙungiya. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya kafa ta tun ban san kaina ba. Direban babbar mota ne da ke lodi a Unguwa Uku, kuma duk baƙon da ya zo daga gida a zaurensa yake fara sauka. Ni ma a can na sauka. Da 'yan boko suka yi yawa a cikinmu sai aka yi zaɓe, wani ma'aikacin asibiti ya zama shugaba. Kowa ya san rasa kujerar nan ya sosa wa Kawu rai. Sabon shugaban ne ya ce in yi mana shafi a intanet, don 'yan garinmu da ke karatu a ƙasashen waje su ga halin da asibitin ƙauyenmu ke ciki, su kawo ɗauki.

A ofishinsa na yi aikin, a kan wata sabuwar kwamfuta mai faffaɗan allo. A zamanin, mai tsara shafi sai ya zaɓi faɗin da zai ba shi: ko ɗigo ɗari takwas, daidai da tsofaffin kwamfutocin da suka cika gari, ko dubu da ashirin da huɗu na sababbi. Na san da haka sarai. Amma da na ga yadda babban ya yi kyau a gabana, sai na ce ai ni ba aikin 'yan koyo zan yi ba. A saman shafin na shimfiɗa hoton da muka ɗauka bayan wani taro, daga wannan gefe har wancan. Kawu na can ƙarshen dama a tsaye, don ranar shi da kansa ya tashi ya bar wa shugaba kujerar tsakiya.

Ranar Lahadin nan bayan la'asar muka ɗunguma zuwa wani kafen intanet da ke bakin titi don a ga shafin. Har yanzu ina jin ƙarar janareton nan da fankar da ke kaɗa iska mai zafi. Kawu ya sha farar babbar riga, yana ƙamshin turare, ya taho da abokansa direbobi biyu yana ce musu, "Ku zo ku ga yadda aka saka mu a duniya."

Intanet ɗin lokacin sai mai haƙuri. Hoton ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan daga sama, huluna suka fara bayyana, sannan goshi, sannan fuskoki. Kowa na nuna kansa ana shewa. Can sai aka duba gefen dama. Hoton ya ƙare a kafaɗar mutumin da ke kusa da Kawu. Shi kam ko hannun rigarsa babu.

Ɗaya daga cikin direbobin ya dube shi ya ce, "Alhaji, da ma mun faɗa maka. Sun karɓe kujera, yau kuma sun cire ka a hoto."

Shugaba ya fara rantse-rantse. Mai kafen ne ya leƙo ya ce mini, "Malam, shafin naka ne ya fi allon faɗi. Ja shi gefe."

Na ja shafin gefe. Sai ga Kawu ya fito daga gefen allon, yana murmushin nan nasa. Na ɗauka magana ta ƙare. Kawu ya daɗe yana kallon hoton nasa, sannan ya ce, "Wato ina nan, amma sai an jawo ni. To yaranmu na can waje, wa zai ce musu su jawo?" Ya gyara rigarsa ya fita, abokansa suka bi shi. Kafin magariba magana ta zaga cewa dattawa za su janye daga ƙungiya.

Washegari da sassafe na same shi a zaure yana shan koko. Na durƙusa na yi masa bayanin manyan alluna da ƙanana, na ce babu hannun shugaba, ni ne na auna da abin da ke gabana. Ya ajiye ludayi ya ce, "Ɗan nan, shekara nawa ina tuƙi. Ban taɓa ɗaura kaya ba sai na tuna gadar da ta fi ƙunci a hanyar. Faɗin tasha ba ya ƙetarar da mota."

Kwana uku na yi ina sake aikin. Na rage faɗin shafin, na ƙanƙance hoton, na bi kafe-kafe daga Gyadi-Gyadi har Unguwar Gano ina buɗe shi a kan kowace tsohuwar kwamfuta da na samu. Da na tabbata sai na koma na ɗauko Kawu na kai shi kafen nan. Ya zauna, hoton ya sauko, ga shi nan cif ba a ja komai ba. Ya matso da fuskarsa ya ce, "Ashe hular tawa a karkace take, ba wanda ya gaya mini." Da kansa ya bi dattawan gida-gida ya ba su baki.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, kafen ma ya zama shagon sayar da magani. Yanzu shafi da kansa yake lanƙwasawa ya shiga kowace waya. Amma har yau, in na gama aiki, sai na nemi allo mafi ƙanƙanta na duba wa ya faɗa gefe. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, in za ka yi wa mutane abu, da ma'auninsu za ka auna, don wanda ka bari a waje ba ruwansa da cewa ba da gangan ka yi ba.