Ban Aurar da Likitar Dabbobi Ba

A wani shirin talabijin mai dogon zango na fara ganinta. Yayar jarumin ce, likitar dabbobi, kuma sau uku kacal ta fito. Takan shigo da dogon takalmin roba, ta gaya wa ƙaninta gaskiya, ta fice. Daga nan masu shirin suka manta da ita. Ni abin ya tsaya mini a rai. Sai na ɗauke ta, na kai ta Maigatari, na fara rubuta mata rayuwarta a wayata.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gagarawa, gidana kuma a Gumel. A motar haya nake rubutun, da yatsa ɗaya, jaka a cinya, wani lokaci buhun geron wani ya danne mini ƙafa. In rubuta shafi a tafiya, in gyara shi a dawowa.

Wata ƙawata ce ta tura shafukan farko cikin guruf ɗin masu son shirin. Kafin mu yi hutu har an buɗe wa labarin guruf nasa, ya cika maƙil. Shugabar guruf ɗin wata mai sayar da atamfa ce a Maigatari. Ban taɓa ganinta ba, amma daga murya na san ta girme ni, kowa kuma Anti yake ce mata.

Ba zan yi musu butulci ba, sun gyara ni. Wata mata daga Damagaram ta turo mini saƙon murya, ta ce in dai mutumin can ne ke magana, ba zai ce babbar mota ba, kamiyo zai ce. Wata daga Sule Tankarkar, wadda ta tashi cikin shanu, ta ce saniyar da ciki ya kumbura ba kwanciya take fara yi ba, tsayawa take tana nishi tana harbin cikinta. Na koma na sake wurin. Da zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu, addu'a kawai na riƙa gani, ba wanda ya ce ina ci gaba.

Rigimar ta taso ne a kan wani Alhaji dillalin shanu. Na shigo da shi don likita ta duba masa bijimi, niyyata shafi biyu ya tafi abinsa. Guruf ya rikice. A haɗa su, a haɗa su. Wasu har suna tambayar launin ankon biki. Anti ta sa aka kaɗa ƙuri'a, aure ya cinye.

Na bi su. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Shafi bakwai na yi ina zaunar da matar nan a falo, ta sha lalle, tana jiran kiran Alhaji. Sharhi ya riƙa zuba kamar ba a taɓa yi ba, ni kuma ina jin daɗin yabon, ina ƙin sake karanta abin da na rubuta.

Wata safiya muna tsaye a tasha ana jiran mota ta cika, saƙo ya shigo daga matar Damagaram. Ba a guruf ta turo ba, ni kaɗai. Kalma uku ce: "Malama, ina shanun?"

Kafin mu isa Gagarawa na rubuta a guruf cewa shafuka bakwai ɗin nan na soke su. Likita za ta koma aikinta, Alhaji kuma mai bijimi ne kawai.

Da aka tashi tara, ina zaune a gindin darbejiya, Anti ta kira.

"Malama, kin san mutum nawa suka buga mini tun safe?"

"Ban sani ba, Anti."

"Mun yi zaɓe, kowa ya ce aure. Ke ce za ki fi jama'a?"

"Ban fi kowa ba. Amma ni ke rubutawa, kuma abin da na rubuta kwanan nan ƙarya ne. Matar nan ba haka take ba."

"Mu muka ɗaga ki fa. Da ba mu, wa ya san ki?"

"Haka ne, kuma na gode."

"To ai ita ma ba taki ba ce. Ta masu shirin ce, aro kika yi."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce, "Aro na yi, Anti. Shi ya sa ba zan lalata ta ba. Duk wanda yake son biki ya ara shi ma, ya rubuta."

Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji an cire ni daga guruf ɗin labarina.

Sun kuwa ara. Wata a cikinsu ta ɗora daga shafi na bakwai, ta yi biki na kece raini, lefe kaɗai ya ci shafi shida. Ƙawata ta riƙa turo mini, na karanta duka. Yarinyar ta iya, a bayanin abinci ma ta fi ni. Abin da ya ɓata mini rai shi ne masu cewa wai ina gaba da aure. Na nuna wa maigidana, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaya musu 'ya'yanmu uku.

Na buɗe ƙaramin guruf, mu goma sha tara. Na gaya musu tun farko: a gyara mini kuskure, a ce wuri kaza bai yi daɗi ba, duk ina so. Amma ba ƙuri'a. Na sa wata cuta ta faɗa wa tumaki a ƙauyukan Ɗanzomo, likita ta hau babur ta bi su garke garke. Wata takwas na ƙara kafin na kai ƙarshe, wani makon ma mutum huɗu ne kawai suke tankawa. Ban fasa ko sau ɗaya ba.

Bayan sallar layya na je kasuwar Maigatari neman atamfa. A rumfa ta uku wata doguwar mata ta ce, "Shigo ki duba, Hajiya," sai na gane muryar. Na gaishe ta, na gaya mata ko ni wace ce. Ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo mini kujera, ta aika aka kawo ruwa.

"Har yanzu ina nan a kan bakana," in ji ta. "Kin cuci Alhaji."

"Ni ma ina kan nawa, Anti."

Ta ninke atamfar da na zaɓa, ta sa a leda. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wai tumakin nan, sun warke?"

Na ce ba zan gaya mata ba, sai dai ta karanta. Ta yi tsaki, ta miƙo mini wayarta ta ce in sa ta a guruf ɗin.