Sandar Kaka, Zaren Binta

Jiya na sake auna damtsen 'yata Binta da zare, ita da zawo ya ƙi saki, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. In ruwan damina ya shigo tsakar gidanmu a unguwar Treichville, yakan kafa sandarsa a ciki, bakinsa ja wur da goro, ya ce, "Amaryata 'yar lekol, 'yar boko, bar kallon zurfi. Yatsa nawa ya ƙaru daga azahar zuwa la'asar?" Ranar da yatsa biyun jiya ya zama huɗu, muka naɗe tabarmi sai unguwar Adjamé da ke kan tudu.

Makon jiya damtsen Binta ya ragu rabin yatsa, wannan makon yatsa guda. Kaka, na iya lissafinka, amma ina zan gudu da ita? Allah ya jiƙanka, ya sa kuskure na yi.